Wa Ya Taya, Wa Ya Sallama?

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dillalin albasa da tafarnuwa ne a Shinaka, ni kuma ɗan riƙon butarsa. Tun ban isa shiga firamare ba nake zama a gefen buzunsa ina kallon ciniki. Baƙo zai zazzage buhu, ya murza albasa ya ji ko ta bushe, sannan ya taya. Mai kaya ya kau da kai ya ce albarka. Baba ya ja wannan gefe ya yi masa raɗa, ya koma ya ja wancan. A ƙara, a rage, har mai kaya ya ce ya sallama. A tafa, a fitar da la'ada, kowa ya kama gabansa. Wanda bai gamsu ba yana da ƙafa, domin kasuwar Goronyo tana nan, ta Achida tana nan, ta Wurno ma tana nan.

A 1979, shekarar da aka zaɓi Shagari, na raka shi Sakkwato gidan ƙanensa, Baffana, wanda yake aikin gwamnati yana haya a gida mai lantarki. Muna zaune a zaure aka miƙo wata 'yar takarda. Baffa ya duba ya ce kuɗin wuta ne. Baba ya karɓa ya jujjuya ta, shi da ajami kawai yake karantawa, sai ya yi tambaya da harshenmu na gida: "Wanga kuɗi, wa yat taya, wa yas sallama?" Baffa ya yi dariya ya ce, "Yaya, wanga ba a tayawa. Gwamnati ka yankewa daga Ikko." Baba ya miƙa masa takardarsa ya ce, "Ciniki babu albarka? To wanga haraji na."

Na yi shekaru ina ɗaukar maganar a matsayin barkwancin ɗan kasuwa. Sai da na girma na fara biyan kuɗin wuta da aljihuna na gane cewa tambayar dattijon ita ce dukan tarihin wannan al'amari.

Dalilin da ya sa ba a taya lantarki a fili yake. Waya ɗaya ce take shigowa gari. Ba mai hankalin da zai kafa falwaya ta biyu a gefen ta farko tun daga Sakkwato har Goronyo don ya yi gasa da mai ta farkon, asara za ta cinye su duka. Saboda haka mai saye ba shi da wata kasuwar da zai tafi. Shi ma mai sayarwa, da zarar ya binne dukiyarsa a turaku da taransifoma, ba ya iya naɗe kayansa ya koma gida kamar mai albasa. Kowa a ɗaure yake. Dole a sami na uku da zai tsaya tsakani, wanda zai ce albarka a madadin mai saye idan an tsawwala, ya kuma hana a karya mai kaya.

Mu a ƙasar Sakkwato wannan na ukun ba baƙo ba ne. Malaman jihadi sun yi rubutu a kan aikin muhtasibi, mai bin kasuwa yana duba mudu da sikeli, yana hana algus da ɓoye abinci. Duk wanda ya zauna gaban malami a Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna kuma aka binne shi a 1837, ya ji muhawarar da ke cikin fiƙihu game da yanke farashi. Asali shi ne a bar kasuwa ta yi halinta, amma malamai da dama sun ba hukuma damar sa baki idan kayan da jama'a ba sa iya rayuwa sai da su suka taru a hannun 'yan tsiraru.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne a Amurka ma a kan hatsi rigimar ta fara. Jihar Ilinoyi ta yi doka a 1871 tana ƙayyade abin da masu manyan rumbunan ajiyar hatsi na Shikago za su karɓa daga manoma. Masu rumbunan suka ce dukiyarsu ce, ba ruwan gwamnati. A 1877 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dukiyar da jama'a suka dogara da ita haka, hukuma tana da ikon tsara farashinta. A 1907 jihohin Niyok da Wiskonsin suka kafa hukumomi na musamman masu duba farashin wuta da gas da makamantansu. Daga nan aka gaji al'adar da ta bazu a duniya: kamfani ya kawo littattafansa, masu saye su kawo ƙorafinsu, hukuma ta zauna kamar alƙali ta yanke.

Nijeriya ta daɗe kafin ta bi wannan hanya. An kunna injin lantarki na farko a Legas a 1896, domin gidajen Turawa da fitilun titi. A 1929 kamfanin NESCO ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra a ƙasar Jos saboda masu haƙar kuza. A 1951 hukumar ECN ta karɓi ragamar lantarkin ƙasa, a 1962 aka kafa hukumar madatsun Kwara wadda ta gina Kainji, aka gama a 1968. A 1972 gwamnatin Janar Gowon ta haɗe hukumomin biyu ta haifi NEPA, sunan da har yau yara suke kira da ihu idan an kawo wuta, ko da yake ta daɗe da barin duniya. Wutar da Baffa yake biya a 1979 daga Kainji take tasowa, ta biyo babban layin Birnin Kebbi ta iso Sakkwato.

A duk tsawon wannan zamani gwamnati ce mai kaya, ita ce dillali, ita ce kuma sarkin kasuwa. NEPA ta rubuta buƙatar ƙari, minista ya kai majalisar zartarwa, a amince ko a ajiye takardar a ƙasan fayil. Ko da gwamnatin Babangida ta kafa hukumar duba cajin kamfanonin gwamnati a 1992, maganar ƙarshe tana hannun masu mulki. Mai mulki kuma ba ya son a ce a zamaninsa wuta ta yi tsada, don haka sai a bar farashi shekara da shekaru yana kwance alhali kuɗin gyaran injuna yana hawa.

Baba ya san ƙarshen irin wannan tun kafin masana su rubuta. A 1984, lokacin da sojoji suka riƙa tilasta wa 'yan kasuwa sayar da madara da sabulu da shinkafa a farashin gwamnati, ya ce mana kayan za su shige ƙarƙashin gado, kuma haka aka yi. Lantarki ba ya shiga ƙarƙashin gado, injunansa ne suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Zuwa 1999, cikin injuna 79 da NEPA take da su 19 kawai suke aiki. Wutar ta yi araha a takarda, amma mai injin niƙa ya koma ga man dizal, mai shago ya sayi janareto. A wajenmu kuma, inda aka gama madatsar Goronyo a 1984 domin noman rani da ruwan sha, manomin fadama da fetur yake tayar da injin ban-ruwansa. Araha ba ta ado, kamar yadda ake faɗa. Ƙari na ƙarshe da aka yi a ƙarƙashin tsohon tsari shi ne na 2002, wanda ya kai matsakaicin farashi wajen naira 6 kowane yunit, kuma a nan ya tsaya har 2008.

Dillali na gaskiya ya shigo kasuwar ne a 2005. A shekarar Shugaba Obasanjo ya sa hannu a dokar gyaran harkar lantarki, aka rushe NEPA, aka kafa PHCN na wucin gadi, aka raba ta kamfanoni 18: shida masu samar da wuta, ɗaya mai dakonta a manyan layuka, 11 masu rabawa gida-gida. Dokar ta kafa Hukumar Kula da Lantarki ta Ƙasa, NERC, wadda Dokta Ransome Owan ya fara shugabanta. Sashe na 76 na dokar ya ɗora mata nauyi mai kaifi biyu. Farashi ya ishi kamfanin da yake aiki da kyau ya mayar da kuɗinsa har ya sami riba daidai gwargwado, kuma kada a ɗora wa mai saye nauyin sakacin kamfani. Dokar ta kuma wajabta a sanar da jama'a, a saurari ra'ayinsu kafin a sauya tsarin lissafi.

A Yulin 2008 hukumar ta fito da tsarin farashi na shekaru da yawa, wanda ake kira MYTO. An shimfiɗa shi a kan shekara 15, ana yi masa babban bita duk shekara biyar, da ƙaramin bita a tsakani. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan kasuwa ba. Ana tara kuɗin sayen wutar daga masu samarwa, da kuɗin dakonta, da albashi da gyare-gyare, da tsufan kayan aiki, da ribar da aka yarda mai jari ya ci. Sai a raba jimillar da yawan yunit ɗin da ake sa ran sayarwa. A ƙaramin bita kuma abubuwa kaɗan ake dubawa: hauhawar farashi, canjin dala, kuɗin gas, da yawan wutar da tashoshi suke iya bayarwa.

Inda ake kai ruwa rana shi ne batun asara, kuma a nan ne ɗan dillalin albasa ya fi ɗan boko saurin fahimta. Wanda ya zuba buhu 100 a rudu bayan kaka ya san ba 100 zai kwasa ba. Wata za ta rame, wata ta ruɓe, wannan halin albasa ne. Ɓarawo zai iya zarar wata da dare. Wata kuma za a ba da bashi a ƙi biya. Haka wuta take. Akwai wadda take zubewa a tsofaffin wayoyi da taransifoma, akwai wadda ake sacewa ta bayan mita, akwai wadda aka sha aka ƙi biya. Kamfani yana so a zuba dukan asarar nan a farashi. Aikin hukuma shi ne ta ce: ramewa mun yarda, amma rudunka da ka bari babu ƙofa, mai saye ba zai biya maka ba. Don haka take yanka wa kowane kamfani iyakar asarar da za a lissafa masa, tana rage ta shekara-shekara. Abin da ya haura wannan iyaka daga aljihunsa zai fita.

A ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa yawancin kamfanonin ga 'yan kasuwa. Na Kaduna, wanda yake raba wuta a jihohin Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, sai a Disamban 2014 aka miƙa shi. Daga nan dillalin ya fara shan matsi ta kowane gefe. A Maris 2015, ana dab da zaɓe, hukumar a ƙarƙashin Dokta Sam Amadi ta cire asarar rashin biya daga lissafi, farashin wasu rukunai ya faɗi warwas, kamfanoni suka yi ca suna cewa an karya alkawarin da aka sayar musu da kaya a kai. A Fabrairun 2016 aka yi ƙarin da ya kai wajen kashi 45 cikin 100, amma aka soke kuɗin dole na wata-wata da ake biya ko an ga wuta ko ba a gani ba. Ƙungiyar ƙwadago ta fito zanga-zanga. A Yulin shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, a gaban Mai Shari'a Mohammed Idris, ta soke ƙarin bisa hujjar ba a bi ƙa'ida ba, hukumar ta ɗaukaka ƙara. Wannan hukunci ya nuna abin da babu shi a zamanin NEPA: yanzu ana iya kai mai yanke farashi gaban alƙali a tambaye shi yadda ya yi.

A Satumban 2020 aka zo da abin da ya fi kusa da hankalin kasuwa, wato kuɗinka gwargwadon wutarka. Aka kasa layuka rukuni biyar. Rukunin A awa 20 ko fiye a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Rukunin na layi ne gaba ɗaya, duk wanda yake kan layin ya shiga, ko attajiri ne ko mai sayar da ƙanƙara. An bar wa mai ƙaramin ƙarfi, wanda ba ya wuce yunit 50 a wata, tsohon farashinsa na naira 4. A shekarar ce kuma hukumar ta sa iyaka ga kuɗin ƙiyasi da ake rubuta wa marasa mita. Wannan ya taɓa zuciyar maganar, domin mita ita ce mudun wannan kasuwa, kuma har yanzu miliyoyin masu biyan kuɗin wuta a ƙasar nan ba su da ita. Da Baba yana raye da ya ce ko an sallama a farashi, ciniki bai faɗa ba sai an ga mudu.

Sai kuma dala. Fiye da kashi 70 cikin 100 na wutar da ke kan babban layin ƙasa da gas ake samar da ita, gas ɗin kuma da dala ake yi masa kuɗi ko da a Neja Delta aka haƙo shi. Wata hukuma ce dabam take yanka farashinsa, NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa. Da aka saki naira a Yunin 2023, canji ya tashi daga wajen 460 har ya haura 1,400 a farkon 2024. A Yulin 2023 kamfanonin rabawa 11 suka kai buƙatar a sake lissafi, hukumar ta buga sanarwa ta nemi ra'ayin jama'a, ta zauna sauraro. A Janairun 2024 ta fitar da sabon lissafi, amma gwamnati ta ce a bar farashi yadda yake, za ta cike giɓin da tallafin da aka ƙiyasta a naira tiriliyan 1.6 a shekarar. A watan ne kuma hukumar ta rushe shugabannin kamfanin Kaduna saboda bashin da ya kai naira biliyan 110. Da Afrilu ya kama aka ɗaga gas daga dala 2.18 zuwa 2.42 kowane ma'auni, kuma a ranar 3 ga watan aka sanar da cewa 'yan rukunin A za su koma biyan naira 225 maimakon wajen 68. Naira 10,000 da take sayen yunit kusan 147 ta koma sayen 44. Da naira ta ɗan farfaɗo a Mayu aka sauko zuwa 206.80, a Yuli aka koma 209.50.

Manomin tafarnuwa a bakin gulbin Rima ba ya rukunin A, amma ƙarin ya iso shi. Mai injin casar shinkafa a birni ya ƙara kuɗi, mai walda ya ƙara, mai ƙanƙara ya ƙara. Wani ɗan ɗan'uwana yana da shagon cajin waya da faifan sola biyu a kan rufi. Ya ce mini shi lissafinsa ɗaya ne, kuɗin batir idan ya mutu, batir kuma dala yake bi. Ko ba ka kan waya, dalar ta san hanyar gidanka.

Abin da ya fi damuna a wannan tarihi shi ne kujerar mai saye. Doka ta tanadi zaman sauraro. Kamfani yana zuwa da lauyoyi da akantoci. Ƙungiyar masu masana'antu tana zuwa da nata lissafin. Sanarwar kuwa da Turanci take fita a jaridu da intanet, zaman kuma a manyan birane ake yin sa. Akwai hanyar koke, daga ofishin kamfani zuwa ofisoshin sauraron ƙorafi da hukumar ta buɗe a jihohi, daga nan zuwa hedikwata a Abuja, amma mutum nawa ne tsakanin Rabah da Goronyo suka san da ita? Dillali komai adalcinsa, idan gefe ɗaya kawai yake yi masa raɗa, kunnensa zai karkata. Masu injin niƙa da masu casa da 'yan walda na ƙananan hukumominmu suna da ƙungiyoyi. Da za su riƙa rubuta awannin da suka sami wuta kowace rana a littafi, su sa hannu, su aika lokacin bita, da sun ce albarka da hujja. Tsarin rukuni ya ba da wannan ƙofa, domin layin da ya kasa cika awanninsa ana iya sauke shi zuwa rukuni na ƙasa.

Kasuwar kuma tana matsowa kusa. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta Yunin 2023 sun ba jihohi ikon kafa hukumominsu. Enugu da Ekiti da Ondo suna cikin na farko da suka karɓa a 2024, kuma a 2025 hukumar Enugu ta sauke rukunin A zuwa naira 160, abin da ya tayar da sabuwar muhawara da masu samar da wuta a kan wa zai biya giɓin. Akwai kuma ƙananan tashoshin sola na gari guda, irin waɗanda aka kafa a Kurdula ta ƙaramar hukumar Gudu da Torankawa ta Yabo. Ƙa'idar da hukumar NERC ta fitar a 2016 ta yarda ƙaramar tasha ta daidaita farashi kai tsaye da mutanen garin da za su sha wutar. Ma'ana mai kaya zai zo ƙofar fada ya zauna a tabarma, ya faɗi abin da ya kashe a faifai da batir, mutanen gari su taya.

Ranar da irin wannan zama zai zo Shinaka, ina fata a sami wanda zai tambayi shekara nawa batir yake yi, wa zai saye sabo, da wane mudu za a auna. Buzun Baba yana nan a ɗakina, asu ya ɗan taɓa gefensa. Idan ina da rai zan ɗauko shi in shimfiɗa a sahun gaba.